Kifin Gishirin Mama Martha

"Ba shi ba ne," in ji Mama Martha. Ta sa yatsa ɗaya ta ture busasshen kifin da na ajiye mata a kan bargo. "Wannan na miyar agushi ne. Na littafi fari ne, an buɗe shi kamar mafici, gishiri ya rufe shi."

"Mama, mai shagon ya rantse min duk ɗaya ne."

"Mai shago ai zai rantse miki a kan komai. Dubi hoton mana, Maman Fatihu."

Na duba. Gaskiyarta ce, ko makaho ya shafa ya san ba ɗaya ba ne. Na mayar da kifina cikin leda ina ƙunƙuni, ita kuwa tana dariya ƙasa-ƙasa, don dariya mai ƙarfi tana taso mata da ciwo.

Bango ɗaya ne ya raba gidanmu da nata a Woodbridge. Ranar da muka tare ita ta fara ƙwanƙwasa mana ƙofa, riƙe da kwanon faten acca, ta ce ta jiyo Hausa ta bango ta kasa zama. 'Yar Pankshin ce, nas da ta yi ritaya, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ni da na baro uwata a Haɗeja, sai na tsinci wata a Virginia. A bana ciwon daji ya kwantar da ita. Da likitoci suka ce ta koma gida ta huta, ba ta tambaye su ma'anar hutun ba, don ita ma ta sha faɗa wa wasu haka.

Abin da ya fi ci min rai shi ne bakinta. Maganin da aka yi ta ɗura mata ya tafi da ɗanɗano gaba ɗaya. Na yi tuwo da miyar kuka, na yi waina, na yi faten acca yadda ita da kanta ta koya min. Sai ta kai cokali ɗaya ta ajiye.

"Kada ki sake kawo min faten nan," ta ce min wata rana. "Na san yadda ya kamata ya yi a bakina. In na sa na ji kamar takarda nake tauna, sai in ji kamar uwata ce ta wuce ni a hanya ba ta gane ni ba."

Na san abinci ba zai tashe ta ba, ni ba yarinya ba ce. Amma matar da ta cika min baki da abinci ranar da ban san kowa a ƙasar nan ba, ban so ta tafi da baki fayau.

Ana haka 'yarta Nanret, wadda ke aiki a Alexandria, ta kawo mata sabon littafin girke-girken ƙasar Fotugal, wai ta riƙa kallon hotuna. Mama ba ta taɓa taka Fotugal ba, ba ta ma da tabbacin inda take a taswira. Amma ta maƙale wa littafin. Ta sa aka kawo mata abin maƙale shanya, ta bi duk shafukan da ke da naman alade ta maƙale su.

"Wannan unguwar ba taki ba ce," ta ce. "Ga tamu nan. Kifi, dankalin turawa, albasa, ƙwai. Dankali kuwa ai mu 'yan Filato muka san shi. Kuma dubi yadda suke kwarara man zaitun, man da muke ɗigawa a goshi a coci." Ta shafa hoton. "Abincin da ban taɓa ci ba, ba zai yi min ƙarya ba. Shi nake so."

Tun da ta kwanta, wannan ne karo na farko da ta ce tana son wani abu. Shi ya sa na bazama. Daga shagon ɗan Ghana da ya rantse min, na je babban kantin 'yan Koriya, inda kifi ke iyo a cikin gilashi amma babu nawa. Maigidana Dabo ya tambayo a wurin aikinsu, aka ce a gwada Manassas. Can na sami wani ɗan shago mai warin teku, da wata tsohuwa a bayan kanta. Ina nuna mata hoton a waya ta jawo kifin daga akwatin katako, fari, mai tauri kamar allo. Tana naɗewa tana yi min bayani da Turancin da ya fi nawa karyewa, tana nuna famfo, tana ɗaga yatsu biyu. Na yi ta gyaɗa kai. A raina na ce, baiwar Allah, a bakin kogi aka yanke min cibiya, ba ke za ki koya min kifi ba.

Ban taɓa girki da littafi ba, uwata ma haka. Na kalli hoto, ido ya auna. Na raba kifin biyu, na wanke rabi da ruwan zafi yadda muke yi wa banda, na cire ƙaya. Na soya albasa, na jera dankali, hannuna kuma ya yi abin da ya saba, ya barbaɗa magi da ɗan gishiri. Ranar ina ramuwar azumi, don haka ban ɗanɗana ba. Ya fito daga oben kamar shi aka ɗauka hoto.

Nanret ce ta fara kai cokali a kicin ɗinsu. Sai ga ta a bakin famfo tana tofarwa tana tari. Hausa takan ji, da Turanci takan amsa, amma ranar Hausar ta fito da kanta.

"Anti, gishiri. Gishiri sosai."

Kunya ta rufe ni. Na ɗauki kwanon zan fice ta ƙofar baya, sai muryar Mama daga falo, inda aka kafa mata gadon asibiti.

"Ku kawo min."

"Mommy, hawan jininki fa."

"Hawan jini ya bi layi. Akwai waɗanda suka riga shi."

Na tallafo kanta na ba ta kaɗan a bakin cokali. Ta daɗe tana juya shi a baki, idonta a rufe. Ina jira ta ture hannuna, sai na ga hawaye ya gangaro ta gefen kunnenta.

"Na ji," ta ce. "Maman Fatihu, na ji gishiri. Ƙara min."

Ba ta ci da yawa ba, abin da yaro zai raina ne. Amma ta ci, har ta lashi leɓe. Ta ce tana yarinya, in sun je gona da uwarta, a toka ake gasa musu dankali, uwar ta zuba gishiri a tafin hannunta, su kewaye ta suna dangwala. Ta ce hannun yana warin ƙasa da hayaƙi. Ta buɗe nata tafin a kan bargo tana kallo, ni kuma ina tuna tafin uwata da na baro a Haɗeja.

Daga baya ta buɗe littafin ta nuna min wani shafi can gaba. Ashe kwana biyu ake jiƙa kifin a firij ana canja ruwa. Abin da tsohuwar Manassas ke ta faɗa min ke nan da yatsunta.

"'Yar bakin kogi," in ji Mama, tana riƙe cikinta don dariya. "Saura rabi ko? Je ki jiƙa shi. Mu ci na gaskiya, mu ji abin da Turawan nan ke yabo."

Na san in gishirin ya fita ba abin da za ta ji, ita ma ta sani. Duk da haka na jiƙa. Da safe ina shiga, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Kin canja ruwa?" Da yamma muryarta ta yi ƙasa, sai da na kai kunne kusa da bakinta, tambayar dai ita ce. Na ce na canja, Mama, gobe war haka muna ci. Ta ce Allah ya kai mu.

Washegari da hantsi, ina yanka albasa, Nanret ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ta kifa kanta a kafaɗata, sai na gane Mama ta rasu.

Kafin azahar gidan ya cika. 'Yan cocinsu suka zo daga Largo da Alexandria, suka zauna har kan matakala suna waƙoƙin coci da Hausa, ina jin su ta bangon da ita ta fara jiyo mu. Na dafa shinkafa babbar tukunya, Dabo ya yi ta jigilar kujeru. Ban sami zama ba, kuma ban so in samu.

Sai da la'asar na buɗe firij neman tumatir, na ga kifin a cikin farar roba. Ya kumbura, ya yi laushi, ya yi fari tas, ya kai yadda littafin ya ce. Na tsiyaye ruwan a hankali, na tara sabo daga famfo har ya rufe shi. Na tsoma yatsa na kai bakina. Gishirin saura kaɗan.