Lambar Injin Yaya

Daren Laraba ne Auta ya ji ƙarar. Ba ɓera ba ne, ba kuma ƙyaure ne iska ke kaɗawa ba. Kamar wani ƙaton ƙwaro ne ya samu ƙarfe yana gaigaya, ya huta, ya koma. Auta ya daɗe kwance yana saurare, har ya fara raya wa ransa ko gidan ne da kansa yake cizon haƙora. Daga baya ya ɗauki tocila ya fita.

A rumfar tsakar gida ya tarar da yayansa, mai walda, tsugune gaban injinsa ba riga, da magagari a hannu. Lambar da aka buga a jikin injin yake gogewa. Rabinta ya riga ya zama gari a ƙasa.

Wannan injin aka jinginar lokacin da Auta ya ci bashin karatu. Baba ya ji an ce digirin kiwon lafiyar al'umma ne, bai tambayi irin aikin ba, ya ce gidansa ya yi likita. Ya sa Yaya ya dangwala yatsa a takarda, aka rubuta lambar injin. Tun ranar duk layin suke kiran Auta Likita, shi kuma bai taɓa gyara musu ba, don sunan ya yi masa daɗi. Da ya gama, aikin dubagari ya samu: leƙa kwata, ɗibar ruwan rijiya, ƙirga tsutsar sauro. Kwalaben ruwan ma ga su nan jere a kan bencin rumfar. Albashinsa dubu saba'in, masu bashi na son dubu arba'in da biyar duk wata. Wata huɗu bai biya ba. Takarda ta zo, ran Litinin za a ɗauke injin.

"Yaya, me kake yi haka?"

"Tiyata nake yi, Likita. Haska mini."

"Ko ka goge sun san injin. Laifi kawai za ka ƙara. Maimakon injin, da kai za su tafi."

Yaya ya miƙe a hankali. Hannunsa na dama duk tabon wuta ne, babban yatsan ya baje kamar cokali.

"Shekara huɗu ina haɗa ƙofofin mutane, hayaƙi na cin idona, kai kana can da farar riga. Nawa ka ce suna ba ka?"

"Saba'in."

"Saba'in! Abin da nake samu a sati biyu, ni da ban san ƙofar jami'a ba. Don Allah me suka koya maka? Gaida sauro?"

"Bara amai da gudawa bai kashe yaro ko ɗaya a layin nan ba. Ka san dalili? Rijiyar da na sa aka rufe."

"To je ka gaya wa masu bashi. Ka ce su karɓi yaran da ba su mutu ba."

Auta ya miƙa hannu zai karɓe magagarin. Yaya ya kwaɗa masa shi a goshi. Tocilar ta faɗi tana juyi, haskenta na yawo a bango. Auta ya ji ɗumi na gangaro masa cikin ido, bakinsa ya cika da gishiri. Bai san sanda ya sunkuya ya kai wa yayansa karo a ciki ba. Suka zube a kan tarin rodi. Yaya ya hau ruwan cikinsa, ya shaƙe shi da hannu ɗaya, ɗayan yana ta zuba masa naushi.

"Injina! Ɗan banza, injina! Da me zan ciyar da yarana?"

Numfashin Auta ya fara ɗaukewa. Ya ga taurari suna mutsu-mutsu a sama kamar tsutsotsin kwalabensa. Ya laluba, ya kama ƙafar benci, ya fizgo. Kwalaben suka tarwatse. Ya ture Yaya da gwiwa da duk sauran ƙarfinsa, Yaya ya tafi da baya ya dafa ƙasa da hannun dama, daidai kan gindin wata fasasshiyar kwalba.

Ihun da ya yi ya tada layin gaba ɗaya. Gilashin ya shiga ta tafin hannun ya leƙo ta baya. Jini na tsartuwa a jikin injin, yana cika ramin lambobin da suka rage.

Baba ya fito da gudu yana tuntuɓe, matar Yaya na bayansa tana salati.

"Likita! Tsayuwar me kake yi? Cire masa, ka ɗinke shi!"

Auta ya yage rigarsa, ya naɗe gefen gilashin, ya ɗaga hannun sama ya danne.

"Kar a cire. A nemo mota."

"Wace mota? Kai fa? Ɗinke shi na ce!"

"Ban iya ba, Baba."

"Ba ka iya me ba?"

"Ɗinki. Ba a koya mana ba. Ni ba likita ba ne."

Baba ya buɗe baki, ya kalli injin, ya kalli Auta. Yaya na ƙoƙarin motsa yatsunsa. Biyu suka motsa, uku suka ƙi. Ya daina ihu, ya zuba musu ido kawai.

Maƙwabcinsu tela ya taka bokiti ya leƙo ta kan katanga, yana haska su ɗaya bayan ɗaya.

"Subhanallahi! Ku kuna neman mota? Ashe ba likita gare ku a gidan nan ba?"