Robar Bakin Guduma

Tun a ɗakin canza kaya Guduma ya san haƙorin nan ba zai bar shi ya yi damben boksin lafiya ba. Na can ciki ne, ɓangaren hagu, ya rube, dasashin ya kumbura yana zugi kamar ana buga ganga a kunnensa.

Lemon tsami ne ya ja masa. Duk lokacin da awon nauyi ya matso, Kawu, ƙanin mahaifiyarsa kuma mai horar da shi, sai ya cika masa aljihu da lemon, ya wuni yana tsotsa yana tofar da yawu har sikeli ya yarda da shi. Nauyi ya sauka, haƙora suka zaizaye.

Ya gwada robar da 'yan dambe ke cizawa don kare baki. Tana taɓa wurin sai da ya ga taurari. Kawu na fita neman ƙanƙara, ya zaro reza daga jakar magani ya datse gefen hagun robar, ya cusa guntun a takalmi.

"Yau ba surutu?" in ji Kawu yana naɗe masa hannu. "Ko Bahagon da za ka kara da shi ne ya sa maka zawo tun daga nan?"

"Kambun nake hange, Kawu."

"To ka cije roba, ka rufe baki. Mai buɗaɗɗen baki a fage da cokali ake ba shi abinci."

Zagayen farko ya wuce da ƙyar. Guduma ya kasa cije robar, bakin a sake, hannunsa na hagu kuwa ya ƙi barin kunci. Bahago, mai riƙe da kambun, tsohon hannu ne. Da suka rungumi juna ya raɗa masa, "Me kake ɓoyewa a nan, ango?"

A zagaye na biyu ya aiko da naushi daidai wurin. Guduma ya ji abu ya fashe a bakinsa, ɗumi da ɗoyi suka cika masa maƙogwaro. Robar ta yi tsalle ta faɗi ƙasa. Alƙalin wasa ya tsayar da su, ya tsince ta ya miƙa wa Kawu ya ɗauraye.

Kawu ya juya ta a tafin hannu. Ya ga yankan reza, ya ga jini haɗe da mugunya.

"Kai! Buɗe bakin nan in gani."

"Kawu, don girman Allah. Zagaye ɗaya."

"Ya ƙara maka ɗaya a nan, muƙamuƙin ya tafi. Me zan ce wa uwarka?"

"Lokaci!" in ji alƙali.

Kawu ya tura masa robar a baki, amma Guduma ya ga ɗaya hannun ya sauka kan farin tawul ɗin da ke kafaɗarsa. In tawul ya faɗo fage, wasa ya ƙare.

Guduma bai jira ba. Ya saki kuncin, ya afka wa Bahago da hannu biyu. Naushi ya same shi a kunne, wani a haƙarƙari, bai ja baya ba. Bahago ya hango kuncin a buɗe, ya ɗaga hagu zai kai masa, sai Guduma ya riga shi da dama a haɓa.

Bahago ya zube. 'Yan kallo suka miƙe da ihu.

Guduma ya juya yana jiran ƙirga. Alƙali bai ƙirga ba. Yana tsaye yana kaɗa hannuwa, tawul ɗin Kawu na kwance a gaban takalminsa.

"Tawul ya riga naushin faɗowa," in ji alƙalin. "Na gani da idona."

Guduma ya nufi kusurwarsa zai yi ihu, bakin ya ƙi buɗuwa. Kawu ya tallafe masa haɓa.

"Zage ni a mota," ya ce. "Likitan haƙori na tashi da la'asar."