Jan Ƙyalle

Tarakta ta riga ta karya kwana ta tsaya a bakin gona kafin Mai Kututture ya ɗago kai daga gindin kalgon da yake rage wa rassa. Sabuwa ce fil, mutanen unguwa na biye da ita kamar an kawo amarya. A gefen direba kuwa 'yarsa ce zaune, wadda kowa ke kira Nas tun da ta fara aiki a asibitin birni.

"Baba, na kawo maka hutu!" ta ce tana dirowa. "Bana ba kai ba sunkuyo. Ni na ga hoton bayan nan naka da aka ɗauka a asibiti, ba labari aka ba ni ba."

Daɗi ya kama shi har wuya. Ya juya ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, don kada wani ya ce bai gani ba. A duk yankin nan, wa 'yarsa ta taɓa ɗauko wa tarakta?

Sunan Mai Kututture ba na yabo ba ne. Shekarun baya, lokacin da kowa ke sharar gona ƙal, a tone saiwa a cinna wuta, shi sai ya daina. Duk kututturen da ya yi toho, sai ya zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran, ya ɗaura musu jan ƙyalle don kada 'yan ƙwadago su sare. Maƙwabcinsa Dogo ne ya laƙa masa sunan, yana cewa lalaci ne kawai aka yi wa ado da tsumma. Yanzu tohon nan sun zama gawo da kalgo da magarya, sun warwatsu a gonar ba layi ba tsari, ganyensu na zuba yana taki, iska kuma ta daina kwashe masa ƙasa.

Direban ya zagaya gonar da ƙafa, ya dawo yana girgiza kai.

"Baba, motata ba ta iya rawa ba. Manyan dai zan kauce musu, amma ƙananan nan masu tsumma sai dai garma ta bi ta kansu."

"Duka?"

"Duka. Saiwa ma in ta kama min faifan garma, ni da mai mota ne."

Dogo, da ke tsaye kan iyaka, ya ƙyalƙyale da dariya. "Yau dai za a yi wa gonar nan aski!"

Mai Kututture ya dubi ƙananan bishiyoyin. Wasu ba su kai ƙugu ba, kuma ya san kowacce kamar jikokinsa. Ya dubi 'yarsa, ta sha ado, fuska sai sheƙi, gari duk ya zuba mata ido. In ya kori motar, ya kunyata ta a gaban mutane. In ya yi shiru, kafin rana ta take an shafe masa aikin shekaru.

Ya ja ta gefe, ƙarƙashin babban gawon tsakiyar gona.

"Kin gane wannan?"

Ta ɗaga kai. Can sama, inda reshe ya rabu, ga wani ɗan tsumma da rana ta cinye, ɓawo ya kusa haɗiye shi.

"Ke kika ɗaura. Na ɗora ki a wuya don ki kai, kika ce sai kin yi ƙulli irin na takalmin makaranta."

Nas ta matsa kusa. Ta shafa jikin bishiyar, wadda yanzu hannuwanta biyu ba za su zagaye ba.

"To bayanka fa, Baba?"

"Bayan nawa na ciwo, ban musa ba. Amma in aka tumɓuke waɗannan, ciwon da zai kama ni babu shi a asibitinku."

Ta yi dariya tana share ido da bakin mayafi. "Taurin kai dai! To, garmar shanu za ta bi tsakaninsu, ita zan nemo maka. Motar fa? An riga an ɗauko ta."

Mai Kututture ya gyara hula, ya fito fili, ya ɗaga murya yadda na nesa ma zai ji.

"Dogo! 'Yata ta kawo min kyauta, ni kuma na ba ka. Gonarka ce ta dace da mota, ko tsinke babu."

Dogo ya gyara tsayuwa. Godiya dai ya yi, a gajarce. Tarakta ta tsallaka iyaka ta shiga huɗa, ƙura na tashi, ƙasar fara fat kamar an wanke ta. Da rana ta yi zafi, 'yan kallo suka sulale ɗaya bayan ɗaya zuwa inuwar gawon nan, har da Dogo, yana fifita da hula yana yi kamar ba inuwa ta kawo shi ba. Mai Kututture sai ma ya matsa masa wuri.

Motar na dab da gama kusurwar ƙarshe sai Dogo ya miƙe zumbur, ya ruga yana ɗaga hannuwa. Direba ya taka birki. A gaban garma, wani tsohon kututture ne ya fito da toho kore shar, bai fi taƙi ba. Dogo ya tsaya a kansa ya raba ƙafafu, ya daɗe yana sosa ƙeya, sannan ya waiwayo.

"Maƙwabci... ko kana da sauran tsumman nan?"

Mai Kututture ya sa hannu a aljihu a hankali, don ba ya son abin ya yi saurin wucewa. Kafin ya miƙe, Nas ta karɓe ƙyallen daga hannunsa.

"Zauna, Baba. Na ce maka bana ba kai ba sunkuyo."