Ramin Bangon Gabas

Hubbaren Malam Aƙilu, a wani ƙauye bayan Falgore, ya girmi kakan kowa. Ɗaki ne guda na tubali, da tulluwar rufi zaune a kan bakan gizo biyu na laka, ba ginshiƙi ko ɗaya. An ce Malam ne ya fara kiran salla a wannan yanki, shi ya sa masu ziyara ba sa tafiya sai sun ɓantari ƙasar bangon gabas don neman tabarraki.

Su ɓantara, Tsoho magini ya cike. Aikin da ya gada ke nan, kuma ya gaji da shi matuƙa. A shekarun nan, kafin Rogo ta rabu da Ƙaraye, samarin da ke taya shi kwaɓa duk sun tafi birni, ga baya ya fara ƙi. Da ya ga tsaga ta tashi daga ramin ta nufi ƙafar bakan gizo, sai ya ce a daina, in ba haka ba damina ɗaya ta isa ta zubo da tulluwar a kan Malam. Liman ya yi shela, mutane suka yi gunaguninsu suka bari.

Amma ramin bai daina girma ba, kaɗan-kaɗan kamar cin ɓera.

Tsoho ya zargi kowa, har mai unguwa bai tsira ba. Kullum sai ya liƙe, ya dawo gida a duƙe, matarsa Hajo ta shafa masa wani jan magani a ƙugu, yana kwance yana tsine wa mai wannan hannu. Ita dai sannu kawai take cewa.

Ran nan da azahar ya koma hubbaren ɗauko hularsa, sai ya tarar da mace durƙushe a gindin bangon, tana kankara da cokali tana zubawa a gefen zane.

"Hajo, ke ce?"

Ba ta ɓoye ba. "Maigida, in ka kwanta wa zai riƙe ginin? Cokali ɗaya nake ɗiba."

Ya so ya gaya mata ƙasar Malam ta ƙare a wurin nan tun zamanin mahaifinsa, abin da take shafa masa laka ce ta kududdufin bayan gidansu, shi ya manna ta jiya. Ya dube ta, tausayinta ya kama shi, gajiya kuma ta sauko masa gaba ɗaya.

Ya ce ta je ta jiƙa, yana nan tafe. Sannan ya ɗauki kwando ya nufi kududdufi.