Yatsu Uku a Kafaɗar Clarrie

A garinmu maza ne ke riga mu tafiya lahira, shi ya sa a rawar da muke yi bibbiyu kowace Lahadi da la'asar a zauren gari, mata sun ninka maza. Ni kuwa Allah ya yi ni doguwa, sai aka maishe ni namiji. Shekara ashirin ni ke riƙe zawarawa, ina jan su ina juya su. Mijina Clarrie, wanda duk cikin manoman alkamar yankin nan ba a yi gwanin rawa kamarsa ba, yakan tsokane ni wai na ƙwace masa sana'a. A rawa ɗaya tak nake komawa mace, ta ƙarshe, wadda a al'adarmu kowa da matarsa yake yi.

Bara shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. Ƙafar ta dawo, amma takun rawar ya ɓace masa fat. Sai ya koma zama kusa da teburin shayi, wai gara ya mutu da a ga Clarrie yana laluben taku. Wata uku yana haka, yana ramewa a kan idona.

Ran nan da mai fiyano ta soma kiɗan ƙarshe, na je na tsaya a kansa.

"Tashi, maigida. Shekara arba'in da shida ba ka saba bari na a tsaye ba."

"Merle, kunya za ki sha."

"To, mu sha tare."

Ya riƙe ni yadda namiji ke riƙewa, na ɗora hannun hagu a kafaɗarsa. Da yatsu uku na tuƙa shi: in danna ya yi gaba, in saki ya juya. Abin da zawarawa suka koya mini ke nan ba da saninsu ba. Muka zaga zauren sau huɗu, kansa a sama, ko tuntuɓe babu. Wallahi ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba.

Aka yi ta tafi. Abokinsa Vern ya rungume shi yana cewa ai gwani ba ya tsufa. Na bar shi ya sha yabonsa.

Muka shiga mota ni da Clarrie. Can sai ya kamo yatsun nan nawa ya riƙe.

"Kin iya tuƙi, tsohuwa. Amma Lahadi mai zuwa ki sassauta, kafaɗar nan ta mutum ce."