Kwanan Watan da Inna Ba Ta Faɗa Ba

Ɗakin da aka ba ni a ofishin kare haƙƙin baƙi ba shi da taga. Tebur ɗaya, kujeru biyu, fanka mai kuka, sai fayil jibge har saman kabad. Jami'a ce ta turo ni wata uku in san makamar aiki, aikin kuma ɗaya ne: mace ta zauna ta ba da labarinta, ni in rubuta.

"Yadda ta faɗa, haka za ki rubuta," in ji Madam, lauyar da ke kula da ni. "Ko ya fito a karkace."

Na ce to. A raina kuwa na ce ban zo ta ɗaya a ajinmu don in zama rikoda ba.

A sati na biyar aka kawo min Inna. Shekara huɗu tana aikatau a wani gida, fasfonta na kulle a durowar uwar ɗakinta, har ranar da aka datse mata yatsu biyu da ƙofa, ta gudu. Yanzu tana gidan mafakar ƙungiyarmu, ko bakin titi ba ta leƙawa, don ba ta da takardar zama. In hukumar shige da fice ta yarda da labarinta, za a ba ta. In ba ta yarda ba, sai jirgi ya mayar da ita ƙasarsu.

"Inna, wane wata kika gudu?"

"Bayan an yaye ƙaramin yaron gidan."

"Wata nake tambaya."

"Ke 'yar boko, wa ya ba ni kalanda a can? Zafi dai ake yi."

Awa uku tana gaba tana baya. Da ta tafi na zauna na jera komai daki-daki. Na ɗauki haihuwar yaron, na ƙara lokacin yaye, na duba watannin zafi, na rubuta sha huɗu ga Maris. Shafi huɗu tas, ba kwana-kwana. Washegari na karanta mata da sauri ta dangwala. Madam na ta zaryar kotu a satin, ta duba sama-sama ta ce rubutuna da kyau.

Ranar ganawa da hukuma, wurin ɗaliba benci ne a baya. "Ko tari ya zo miki, haɗiye shi," Madam ta gargaɗe ni a bakin ƙofa.

Jami'in ya ajiye takardata kusa da katin asibitin Inna.

"Nan an ce kin gudu a Maris. Asibiti sun ce a Mayu aka ɗaure miki yatsu. To wa ya karya su, tunda kin bar gidan da wata biyu?"

"Ranka ya daɗe, ni ban san Maris ba."

"Ba ke kika dangwala nan ba?"

Inna ta juyo tana nemana da ido. Jami'in ya fara tattara fayil ɗin. Na miƙe.

"Yallaɓai, ni na sa ranar. Ba ta faɗa ba."

"Ke kuma wace ce?"

"Ɗaliba."

Ya nuna min ƙofa da biro. Awa ɗaya da rabi na yi a tsaye a baranda, mai gadi na kallona, na ƙi in zauna, na ƙi in share ido a gabansa.

Ba a kori Inna ba. An ce a kawo sabon bayani, aka sa mata wata rana nan da wata biyar.

Madam ba ta ɗaga murya ba. Ta rubuta abin da na yi a rahoton da za ta aika jami'a, ta miƙo min in karanta, na sa hannu. Sauran sati ukun a gaban injin hoton takardu na ƙare su. Duk safiya sakatariya sai ta ce, "Babbar lauya, wace rana za ki ba mu yau?" Ina gaishe ta da kyau in wuce. Ban yi fashi ko sau ɗaya ba, ban kuma makara ba.

Sai a ranar ƙarshe na iya zuwa gidan mafakar. Su shida ne a ɗakin, katifu jere, wanki rataye a igiya daga bango zuwa bango. Inna na zaune tana tsefe wa wata kai da yatsunta masu lafiya.

"Ga mai biro," ta ce. "Ku ɓoye bakinku."

Matan suka yi dariya. Na durƙusa na gaishe ta.

"Inna, ki yafe min."

"Telar da ta ce za ta ɗauke ni aiki in takarda ta fito, ta ɗauki wata jiya." Ba ta ɗago ba. "Na yafe, 'yata. Da ba ki tashi ba da yanzu ina jirgi. Amma da kin rubuta shirmena yadda yake, da yanzu ina kan keken ɗinki."

"Na san wata biyar da yawa."

"Ba ki sani ba. Ke anjima za ki fita."

Na zauna a bakin katifar ina miƙa mata mataji har mai kula da gidan ta leƙo ta ce lokacin baƙi ya ƙare.