Iri a Cikin Turmi

Rifkatu ta mirgino turmi daga bayan madafa, ta dasa shi daidai gaban tabarmar mijinta. Na'Allah bai ɗago kai ba. Yana zaune gindin dogon yaro cikin farar rigarsa ta zuwa majami'a, ga shi ranar ba Lahadi ba, waya manne da kunne.

Jiya da la'asar aka yi ruwan shuka, na farko a bana, mai nauyi, wanda ya ratsa ƙasa sosai. Tun da asuba ƙauyen ya watse. Amalanken jakuna sai wucewa suke yi ta ƙofar gida, maza da sungumi a kafaɗa, mata da ƙwaryar iri a ka. Ƙauyen nasu yana gefen hanyar Agiye zuwa Gazawa, ƙasar duk rairayi ce. In rana ta buga ta yau ta ƙara ta gobe, danshin ya tafi, sai a zauna jiran wani ruwan.

Na'Allah kuwa ya ce bana ba ya shuka.

Abin ya faro ne bayan Ista, da wani ɗan'uwansa na Maraɗi ya turo masa wa'azin wani mutum a waya. Ba wanda ya taɓa ganin fuskar mai wa'azin, murya ce kawai, mai kauri. Ya jero yaƙe-yaƙe, da 'yan bindigar da ke kwashe shanu a bakin iyaka, da zafin da ya yi yawa, da tsadar hatsi, sannan ya yanke magana: Yesu Almasihu zai dawo kafin a yanke geron bana. Na'Allah ya saurara har ya hardace. Ya daina gyaran darni, ya daina zuwa kasuwar Agiye, amma tuwo bai daina ci ba, har ƙari yake nema.

Ba wai Rifkatu ba ta gaskata da dawowar Ubangiji ba. A zumuntar mata ita ke jan waƙa in an zo kan nasarar ƙarshe, muryarta har bakin rijiya. Ta sha faɗa cewa ranar da za a ɗaure Shaiɗan a jefa shi tafkin wuta, tana roƙon a ba ta wuri a sahun gaba, don akwai maganar da take son gaya masa kafin ya faɗa. Sai dai tana da 'yarta Talatu da ƙannenta 'yan lakol masu zuwa makaranta, kuma kowannensu da ciki ya zo duniya.

Da sassafe ta bi Fasto Sabo har gonarsa. Ta iske shi wando naɗe, yana sara ƙasa yana haki. Ya ce ya yi wa Na'Allah magana har bakinsa ya bushe, ya gaya masa ranar nan ko mala'iku ba su san ta ba. Ya yi alkawarin zuwa da yamma su yi addu'a. Ta ce masa da yamma ƙasar ma ta bushe, ta juyo gida.

Da ita kaɗai ce, da tuni ta kwashi yara sun shiga gona. Amma irin yana cikin rumbun maigida, mace kuwa ba ta leƙa rumbun mijinta. Kirista da Musulmi, duk haka suka tashi suka tarar a ƙauyen. Wadda ta kuskura, har jikokinta sai an yi musu gori.

Tana gyara zaman turmin sai ga sallamar Dikko, makiyayin da shanunsa suka yi rani a gonar Na'Allah suna zuba mata taki. Ya zo ban kwana ne, tunda ruwa ya sauka dole ya fitar da dabbobi daga gonakin mutane. Na'Allah ya ce masa ya yi zamansa, gonar ta zama tasa har ranar da za a busa ƙaho.

Dikko ya tsuguna, ya jingina da sandarsa, ya daɗe yana kallon farar rigar.

"Mu ma muna jiran Annabi Isa," in ji shi, "amma ban ji an ce a daina tatsa ba. Kada gobe hankalinka ya dawo ka kira mini jandarma, ka ce shanuna sun ci maka gona."

Na'Allah ya ce ba goben da za ta kai su gaban jandarma. Dikko bai tashi ba. Ciyawar gonar da ya yi wa taki da kansa ba abin rainawa ba ce, kuma yana son ganin ƙarshen wannan zance.

Nan Rifkatu ta matso, ta durƙusa kamar amarya, ta sassauta murya.

"Baban Talatu, na yi tunani. Maganarka gaskiya ce, na yarda."

Na'Allah ya cire wayar daga kunne. Tun da aka ɗaura musu aure bai taɓa jin wannan magana daga bakinta ba.

"Tunda ba shuka," ta ci gaba, "ka sauko mini da damin nan na iri. Yara sun gaji da garin rogo. Mu dama fura mai kyau mu sha kafin mu tafi, kada mu bar wa ɓera."

Ya ce ai wannan iri ne. Ta tambaye shi irin wace shekara, na baɗi? Ya dubi Dikko, Dikko ya dubi sama.

Irin nan ba na kasuwa ba ne. Geron zango ne mai dogon kai, mahaifin Na'Allah ya zo da shi daga wajen Tibiri tun suna yara. Duk kaka sai an bi gona ana zaɓen zangarniya ɗaya-ɗaya, mai tsawo, mai cika, wadda tsutsa ba ta taɓa ba, a ɗaure daban. Ko shekarar da aka ci ganye aka kwana, ba a taɓa wannan dami ba. Na bana kuma Ishaya ne ya zaɓa ya ɗaure, babban ɗansu, wanda sanƙarau ya ɗauke cikin bazara, ƙato guda mai shirin aure.

Amma mutum ya riga ya yi magana gaban baƙo. Na'Allah ya miƙe, ya tattare farar rigar, ya hau, ya ɗage jinkar rumbu, ya shige. Ya daɗe a ciki fiye da yadda ɗauko dami ɗaya ke bukata. Da ya miƙo shi, Rifkatu ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, har da cewa Allah ya ƙara arziki.

Ta kwance igiyar. Ɗaurin Ishaya ne, mai kulli biyu, shi kaɗai ke ɗaura dami haka. Ta naɗe igiyar ta soke a bakin zane. Sannan ta zaɓo zangarniyar da ta fi kowacce tsawo, ta ɗaga ta sama don kowa ya gani, ta karya ta a gwiwa, ta jefa turmi.

Na'Allah ya maida waya kunne, ya ƙara murya.

Ta fara sussuka. Taɓarya na sauka, ita kuma tana rera waƙar zumunta a hankali, wadda ke cewa za a share hawaye, ba sauran yunwa ba sauran mutuwa. Ta tsaya ta ce wa Dikko in ya koma ya turo Zulai matarsa da nono mai yawa, yau duk unguwa za a sha.

Dikko ya ce nonon gidansa ba zai shiga furar iri ba. Ya ce tun da yake yawo daga Gangara har bakin iyaka ya ga wanda ya sayar da gona, ya ga wanda ya sayar da saniyar tatsa, bai taɓa ganin wanda ya dama iri ranar ruwan shuka ba. Rifkatu ta ce to yau ya gani, sai ya ƙara cikin alamun ƙarshen duniya.

Ta juye, ta ɗauki ƙwarya biyu ta koma inda iska ke bi, ta shiƙe. Ƙaiƙayin ya tashi, iskar kuwa ta san aikinta, ta kai shi daidai kan farar riga. Na'Allah ya kaɗe, ya yi tari, ya matsa gefe. Tsabar ta taru a ƙwarya, manya-manya, masu sheƙi. Yana satar kallonta ta gefen ido.

"Ni dai na gyara nawa," in ji Rifkatu, tana zuba wata zangarniyar a turmi. "An karanta mana a majami'a, ranar nan za a iske mata biyu suna aikin hatsi, a ɗauki ɗaya a bar ɗaya. Ga ni bakin turmi. An ce za a iske maza biyu a gona. Na kasa kunne sosai, ban ji inda aka ambaci tabarma ba."

Dikko ya rufe baki da rawani, kafaɗunsa na rawa.

Na'Allah ya kashe wayar. Ya ce ita komai wasa ne a wurinta. Sannan ya ƙara da wata murya, ƙasa-ƙasa, ba ita yake kallo ba:

"Da wa zan ja layi?"

Kowace shekara su biyu ke shiga gaba, shi da Ishaya, kowa da sunguminsa, suna sara rami kafaɗa da kafaɗa, ita da yara na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Sungumin Ishaya yana nan rataye a zaure, ba wanda ya taɓa shi tun bazara.

Rifkatu ta ɗaga taɓarya ta sauke da ƙarfi har turmin ya yi tsalle.

"Ni na haife shi," ta ce. "Ka ɗauka ka fi ni son ranar? In da a hannuna take da tun jiya an busa ƙahon. Amma in ya tashi ya tambaye ni ina irin da ya ɗaure, zan gaya masa gaskiya. Zan ce ubanka ya ce a dama."

Ba ta jira amsa ba. Ta gama sussukar tas, ta shiƙe, ta tsince tsakuwa. Har nan ba abin da ya ɓaci, ko shuka za a yi sai an bi ta wannan hanya, su ukun duk sun sani. Abin da ke biye ne ba ya da gyara. In aka maida tsabar turmi aka yayyafa ruwa aka fara surfe, an kashe ta ke nan, ta zama abinci.

Ta juye tsabar cikin turmi. Ta shiga madafa ta fito da ƙaramar ƙwarya rufe da faifai, tana tafiya a hankali kamar mai tsoron ta zube. Ta tsaya kan turmin, ta ce bari ta yi addu'ar abinci tun yanzu. Ta rufe ido ta gode wa Uba na sama don wannan gero da ya ciyar da kakan Talatu, ya ciyar da uban Talatu, yau kuma ya zo ƙarshen aikinsa. Ta ce amin. Dikko ma ya ce amin bai sani ba.

Ta karkata ƙwaryar.

Ba ta ga lokacin da Na'Allah ya tashi ba. Sai dai ta ji an riƙe mata wuyan hannu, ɗaya hannun nasa kuma ya rufe bakin turmin, yatsu a baje.

"Ke ba ki da hankali ne? Iri ne fa!"

"Na wace shekara?"

Ya durƙusa ya shiga kwashe tsabar da tafin hannu yana maidawa babbar ƙwarya, har wadda ta maƙale a tsagar turmi sai da ya ƙwaƙulo da farce. Ya ce wa Dikko ya je ya kore shanunsa yanzu-yanzu. Dikko ya miƙe yana cewa ai shi ya faɗa, saura kaɗan a kira jandarma.

A zaure Na'Allah ya tsaya gaban sungumi biyun. Rifkatu na bayansa da ƙwaryar iri a ka, ba ta ce ya yi sauri ba. Ya miƙa hannu ya ɗauko na Ishaya, ya bar nasa.

Rana ta riga ta ɗaga da suka isa gona. Ya tona ƙasa da yatsan ƙafa, da sauran danshi. Maƙwabta suka tsaya da aiki suna kallon mutum cikin farar rigar Lahadi yana sara rami, wani ya tambaya daga nesa ko an ɗage tafiyar ne. Na'Allah ya ce ba a ɗage ba, a gona aka ce a jira.

Yana sara yana ɗaga kai yana duban gabas, layin sai karkacewa yake yi. Rifkatu na biye, ta jefa, ta take, ta jefa, ta take. Ta ce masa ya dubi gabansa, in lokaci ya yi za a busa ƙaho, ba a ɗora masa gadi ba.

Sun kai ƙarshen layi ya tsaya ya share gumi da hannun riga. Ya juyo ya dube ta.

"Wai da gaske da kin zuba ruwan nan? Anya ma akwai ruwa a ƙwaryar?"

Rifkatu ta gyara igiyar da ke soke a bakin zanenta, ta ɗebo iri cike da hannu.

"Ka bari sai ranar," ta ce. "An ce duk abin da ke ɓoye za a tone shi. Sara mu je."